Ranar da Zariya Ta Koma Wiƙiriƙ

Ba zan taɓa mantawa da laftof ɗina ta farko ba, ko da na so in manta, domin har yau akwai mutanen da ba su san ni da wani suna ba sai wanda ta jawo mini. In muka haɗu da abokan karatu a wajen biki ko suna, kafin a gama gaisawa wani zai ce, "Wiƙiriƙ, ashe kana nan?" Sai in yi dariyar yaƙe in ce ina nan. Su abin dariya suke tunawa. Ni kuwa akwai wani ɓangare na labarin da bai taɓa ba ni dariya ba.

Muna ajin ƙarshe ne a jami'a a Samaru, muna karanta kimiyyar kwamfuta. A lokacin laftof ba ta zama ruwan dare ba. Ɗalibin da ya ratayo jakarta, ko tafiyarsa daban take. Mu sauran sai mu yi layi a ɗakin kwamfutocin sashenmu, kana cikin aiki a ɗauke wuta, ka tashi ka kama hanyar gida kana tsaki. Ni a Bomo na kama ɗaki, cikin gidan wani manomi. Da lokacin furojet ya zo, wato babban aikin da ɗalibi ke yi kafin ya fita, ɗalibai sun yi wa malamai yawa, sai aka haɗa mu biyu-biyu, aiki ɗaya, maki ɗaya. Aka haɗa ni da Rifkatu.

Rifkatu 'yar Dogarawa ce, babanta malamin firamare ne da ya yi ritaya. Tun muna aji ɗaya ita ce a gabanmu, kuma ba ta da hayaniya. Saura ƙiris ta fita da digiri mai daraja ta ɗaya, kuma kowa ya san sashenmu na riƙe duk wanda ya fita da wannan daraja ya zama mai koyarwa. Abin da take buri ke nan tun farko. Ranar da aka haɗa mu ta gaya mini ba tare da wani kwana-kwana ba: "Furojet ɗin nan shi ne gadata. In ya yi kyau na haye, in bai yi ba shi ke nan. Don Allah kar ka yi mini wasa da shi." Na bugi ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta, ta faɗo hannun gwani.

A gaskiya ni ba dolo ba ne. Na iya rubuta kod, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta har ya zama manhaja. Cutata guda ce, son a sani. Sai kuma wani ɗan sirri: da yatsu biyu nake bugu, idona ƙur a kan maɓallai, kamar kaza tana tsintar tsaba. Rifkatu kuwa ba ta kallon hannunta sam, domin duk hutu a shagon buga takardu na yayanta take wuni.

Ana cikin haka Kawuna ya sayar da masararsa ya aiko da saƙo cewa a saya wa yaron nan injin karatun da yake ta magana. Da na gaya wa Rifkatu ta yi murna ƙwarai, don aikinmu zai huta da layi. Sannan ta zaunar da ni.

"Ka ga, ba ta kallon fim za ka saya ba," in ji ta. "Ka duba ƙarfin ƙwaƙwalwarta, ka duba batir. Sannan kafin ka biya, ka zauna ka rubuta layi biyu ko uku na kod a kanta. Kibod shi ne fartanyar mai wannan aiki, in bai zauna maka a hannu ba ka sha wahala. Ka bari ranar Asabar mu je Sabon Gari tare."

Na ce to. Ranar Alhamis na hau bas na tafi ni kaɗai. (Dalilina, in ka ji shi sai ka tausaya mini: wai kada 'yan kasuwa su ga mace tana zaɓar wa namiji kwamfuta.)

Shagon da na shiga na wani Oga Emeka ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa har ta fi tawa gishiri. Yana ganina ya ce, "Injiniya, sannu da zuwa." Wannan kalma ita ta fara kwance mini notin kai. Ya ɗauko guda biyu ya ajiye a kan teburi. Ɗaya baƙa ce, mai kauri, an ɗan ƙuje ta a gefe, nauyinta kamar dutsen guga. Ya ce wannan ta ma'aikata ce, batirinta na daɗewa. Ɗayar kuwa ruwan azurfa, faffaɗar fuska, murfinta har ina ganin kaina a ciki.

"Wannan Beljiyam ce," ya ce, yana shafa ta. "Ba Beljiyam ta baki ba fa. Daga can ta fito kai tsaye."

Ka san yadda muke amfani da kalmar nan. Duk kayan da aka yi amfani da shi a Turai aka kawo, mota ce ko firji ko rediyo, in yana da aminci sai a ce Beljiyam ne. Ban taɓa kawowa a raina cewa Beljiyam ƙasa ce da mutane ke zaune a ciki, suna da harshensu da yadda suke jera haruffansu ba. Bawan Allah nan bai yi mini ƙarya ba ko kaɗan, daga can ɗin ta fito.

Gwajin da na yi mata shi ne na ce a sa faifan fim. Aka sa. Na ce a ƙara murya. Aka ƙara, har masu shagon maƙwabta suka leƙo. Ban taɓa maɓalli ko ɗaya ba ban da na kunnawa. Baƙar kuwa ko buɗe ta ban yi ba. Na rungumo amaryata na hau bas, na ɗora jakar a cinya ina kallon sauran fasinjoji da tausayi. Kafin magariba duk samarin layinmu a Bomo sun zo sun gan ta.

Washegari na kai wa Rifkatu ita a gindin wata darbejiya da muke zama a bayan sashenmu. Ta buɗe, ta ɗora yatsunta, ta ɗan buga, sai ta tsaya. Ta sunkuya tana kallon maɓallan.

"Malam, ka dubi kibod ɗin nan kuwa kafin ka biya?"

Na ce na duba mana.

"To ina A ɗinka yake?"

Na duba. A yana sama, a wurin da Q ya saba zama. Z ya ƙwace wurin W. M ya yi ƙaura ya koma kusa da L. Lambobi sai ka danne wani maɓalli kafin su fito, alamomin da kod ba ya tafiya sai da su kuwa, irin su baka biyu da waƙafi mai ruwa, kowanne ya ɓuya inda ya ga dama. Ta ce wannan jerin na masu Faransanci ne, in mayar tun da wuri a canza mini da baƙar.

Na tabbata da na koma da Oga Emeka ya canza. Amma yaya zan yi da samarin Bomo? Jiya na shigo da farar amarya, yau a gan ni da dutsen guga? Sai na gyara murya na ce ai sabon yayi ne, manyan masu rubuta manhaja a Turai irinsa suke amfani da shi. Ta dube ni na ɗan lokaci, irin kallon da uwa ke yi wa yaron da ya ce ba shi ya sha miya ba alhali ga ta a gefen bakinsa. Ta ce, "Allah ya sa alheri."

Mako bai zagayo ba na gane na sayo wa kaina aiki. Layin da zan rubuta cikin minti ɗaya sai ya ci mini biyar ina farautar alamomi. Rifkatu ce ta sake ceto na. Ta ɗauko mini wani tsohon kibod daga shagon yayanta, irin wanda ake jonawa da waya. Ya yi jawur kamar haƙoran mai cin goro, wasu haruffan sun fara gogewa, dogon maɓallin ƙasa an ɗaure shi da salatef. Ta jona, ta saita kwamfutar ta riƙa bin jerin haruffan da muka saba. Aiki ya tafi sumul. Sai dai ta gargaɗe ni cewa daga yanzu maɓallan jikin laftof ɗin maƙaryata ne: in na danna wanda aka rubuta A a kansa, Q zai fito, domin kwamfutar jerin tsohon kibod take bi. Ta ce in kawo ta yanka 'yan takardu ta manna wa kowane maɓalli harafinsa na gaskiya. Na ce a'a, wa zai yi wa amarya kwalliya da gawayi?

Haka na raba rayuwata biyu. A ɗaki, ƙofa a rufe, ni da tsohon kibod muna aiki tuƙuru. A waje kuma in ratayo azurfata, in buɗe a gindin bishiya in sa waƙa, 'yan ajinmu su kewaye ni. Ba wanda ya san da tsohon sai Rifkatu. Manhajar da muka rubuta ta sayar da tikitin mota ce a tasha, fasinja ya zaɓi gari, ta ba shi kujera. Rabin aikin ni na yi shi da hannuna, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Kuma ya yi kyau, har malamin da ke duba aikinmu ya yaba.

A shekarar kuwa ana ta raɗe-raɗin cewa wasu ɗalibai ba su suke rubuta furojet ɗinsu ba, a shaguna ake rubuta musu. Baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya jarraba mu, an ce ba abin da ya tsana kamar wannan. Ni ko a jikina, tunda na san gumina ne.

Da safiyar ranar da za mu kare aikin, Rifkatu ta turo mini saƙo a waya: "Kar ka manta da tsohon." Ban manta ba. Na sa shi a jaka, ya ƙi shiga duka, kansa ya leƙo waje, wayarsa na reto. Na dubi kaina a madubi, ga kwat ɗin aro, ga takalmi ya sha mai, ga wannan abu yana leƙowa kamar wutsiyar ɓera. Na zare shi na cusa ƙarƙashin katifa. Na ce wa raina ai nunawa kawai za mu yi, ba rubutu ba.

Tana ganina a bakin zauren ta dubi jakar. "Ina kibod?"

Na ce na manta.

"Hau acaɓa ka ɗauko, Bomo ba nisa."

Na ce lokaci ya ƙure, kuma ba za a buƙace shi ba. Ta ruga ɗakin kwamfutoci ko za ta samu aro, ta tarar duk na can bakin wayarsu zagayayye ne, ba sa shiga laftof. Ta dawo tana haki daidai lokacin da aka kira sunanmu.

Zauren cike yake da 'yan ajinmu da 'yan azuzuwan ƙasa da mu da suka zo kallo. Aka jona laftof da majigi, duk abin da ke fuskarta ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Da na buɗe murfin azurfar nan na ji wani a baya ya ce, "Kai, ka ga kaya." Raina ya yi fari. Rifkatu ta yi bayani tiryan-tiryan, ni ina matsa linzami ina nuna yadda ake zaɓar gari. Baƙon malamin, wani dattijo mai furfura da tabarau a kan hanci, har yana gyaɗa kai. Na hango Rifkatu ta fara sakin fuska.

Sai ya ce (da Turanci ya yi maganar, amma ma'anar ke nan), "Na ga Kano, na ga Kaduna, na ga Jos. Ina Zariya?"

Rifkatu ta ce ai daga Zariya motocin ke tashi.

"Wanda ke Kano yana son dawowa gida fa? Kai mai kwat, tun ɗazu ba ka ce komai ba. Buɗe kod ɗin ka ƙara Zariya mu gani."

Aikin da ko a cikin barci zan iya yi. Layi ɗaya ne tak. Na buɗe, na sunkuyar da kai, na kafa ido a kan maɓallai yadda na saba, na miƙa yatsuna biyu. Na nemo Z na danna, na nemo A na danna, na bi sauran haruffan sunan yadda ake rubuta shi da Turanci. Ban ɗaga kai ba sai da na ji zauren ya fara guna-guni. A bango, da manyan haruffa yadda na kujerar ƙarshe ma zai gani, an rubuta Wqriq.

Wani shaƙiyyi a baya ya karanta da ƙarfi: "Wiƙiriƙ." Zauren ya fashe.

Na san dalili. Wata da watanni na san maɓallan nan ƙarya suke yi. Amma a wannan lokaci kaina ya zama fanko, gumi na bin bayana a cikin kwat ɗin mutane. Na goge, na sake bugawa, Wqriq ta sake fitowa, kamar da gayya. Na ce bari in rufe layin ko na huta, na danna inda aka zana waƙafi mai ruwa, sai waƙafi tsura ya fito. Na taɓa wani wurin, wata alama ta faɗo tsakiyar layin da ke lafiya lau. Da na ce manhajar ta tashi, sai ta ƙi, ta jero mini kurakurai reras a bango.

Dattijon ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya cire tabarau.

"Kwamfutar wace ce?"

Na ce tawa ce.

"A kanta ka rubuta aikin nan?"

Na ce e.

"Da wannan kibod ɗin?"

Nan ne wurin. Duk abin da ya faru kafin nan wauta ce, ana iya gyara ta. Da na ce a'a, akwai wani tsohon kibod da nake jonawa, na bar shi a ɗaki, da an yi dariya an wuce, wataƙila ma a ce wani ya hau acaɓa ya ɗauko. Amma na dubi zauren, ga duk waɗanda na yi wata da watanni ina gaya wa cewa irin wannan manyan Turai ke amfani da shi. Sai na ji bakina ya ce, "E, da shi."

Rifkatu ta runtse ido. Ta buɗe ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in rubuta, matsalar daga kibod ɗin ne."

Ya ce, "'Yata, shi da bakinsa ya ce da shi ya rubuta. Mutumin da ya rubuta manhaja sukutum a kan kibod, ya kasa rubuta sunan garin da yake zaune? Aikin na mutum biyu ne, na ga abin da zan gani." Ya mayar da tabarau, ya dube ni ta samansa. "A wane shago aka rubuta muku?"

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Aka kira na bayanmu.

Malamin da ya duba aikinmu ya tsaya mana daga baya, ya shaida cewa a gabansa aikin ya girma, don haka ba a kai mu gaban kwamiti ba. Amma makin da baƙon ya bayar ya zauna, maki ne na tsira da ƙyar. Ni ya ishe ni in fita. Rifkatu kuwa darajar da take nema ta kuɓuce mata da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka ba wani gurbin koyarwar.

A ranar, da muka fito, na same ta a gindin darbejiyar nan tana zaune. Na zo da dogon bayani a bakina. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi ɗaya daga ciki da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Mantuwar ba ta dame ni ba, kowa na mantuwa. Da ka ce a'a kawai." Ban iya gaya mata cewa ko mantuwar ma ba mantuwa ba ce. Ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta ce in mayar wa Yaya da kibod ɗinsa.

Na kai shi Dogarawa bayan sakamako ya fito. Ba ta nan. Babanta ya tarbe ni, ya sa aka kawo mini ruwa, ya riƙe hannuna yana godiya wai na yi ɗawainiya da 'yarsa a wajen aiki. Ya ce abin da Allah bai ba mutum ba, ba mai ba shi. Ashe ba ta gaya masa komai ba. Na ajiye kibod ɗin na yi masa sallama.

Shekaru sun tafi. Ni da aikin manhaja nake ci yanzu, kuma na koyi bugu ba tare da kallon hannu ba, bayan an riga an yi ɓarnar. Laftof ɗin azurfa ko hidimar ƙasa ba ta gama da ni ba ta mutu. Kwanakin baya na je Sabon Gari, a layin masu kwamfuta, na ji an ce "Wiƙiriƙ" a bayana da wata murya da na sani. Rifkatu ce. Tana koyar da kwamfuta a wata sakandare, ta zo gyaran na'urorin makaranta. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta ce duk shekara da labarina take buɗe wa sababbin ɗalibai darasi, amma ba ta faɗin suna. A nan tsaye na gaya mata gaskiyar ƙarƙashin katifa, na roƙe ta gafara. Ta yi murmushi ta ce, "Ai na sani tun ranar. Ya wuce, na yafe tuntuni." Na yarda ta yafe. Amma da na tambaye ta ko tana leƙa sashenmu, sai ta gyara riƙon jakarta ta ce ba ta cika bi ta Samaru ba. Daga Dogarawa zuwa Samaru kuwa ba wata tafiya ba ce.

Yanzu in yaro ya zo ya ce in taya shi zaɓar laftof ta rubuta manhaja, ba na fara masa da maganar ƙwaƙwalwa ko batir. Cewa nake yi ya tafi da wanda ya fi shi sani, ko da ɗankwali ne a kansa, ya zauna a shagon ya buga sunan garinsu ya ga abin da zai fito. In kuma da tsohuwar fartanya ya yi noma, ranar da aka tambaye shi a gaban jama'a ya ɗaga ta sama kowa ya gani. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni ban ga haka ba. Ni na ja, Rifkatu ya doka, ni kuwa ɗan suna kawai na samu.